Keken da Ba Ya Gaisuwa

Makarantar 'Yan Mata ta Kwana,
Gusau.
12 ga Yuli, 1998.

Zuwa ga Kawu Bawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali da duk mutanen Tsafe.

Kawu, ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ni ce Wasila, 'yar yayarka ta Bungudu, wadda take ɓuya bayan rumbu duk ranar da ka zo gidanmu. Ban taɓa yi maka maganar da ta wuce gaisuwa ba, kuma sau uku ina fara wannan takarda ina yagawa. Lalura ce ta sa na daure.

Maganar Baba ce. Tun da ya yi ritaya daga hedimasta bara, ba ya zuwa ko'ina sai masallaci. Da safe zai fito zaure da rediyonsa, ya zauna a kujera, ba ya tashi sai an kira salla. A watan Mayu jiri ya ɗebe shi a ƙofar masallaci, aka kawo shi asibiti nan Gusau. Likita ya ce hawan jini ne, kuma jiki ya yi nauyi. Ya ba shi ƙwayoyi, amma ya gaya wa Inna cewa ƙwaya kaɗai ba za ta isa ba, dole ya riƙa motsa jiki kullum, ko tafiyar ƙasa ko keke. Ya ce in aka ci gaba da wannan zama, abin da ake gudu shi ne shanyewar ɓarin jiki. Inna ba ta faɗa mana ba sai da na matsa mata.

Tafiyar ƙasa Baba ya ƙi. Ya ce duk wanda ya ga dattijo yana yawo ba inda za shi, cewa zai yi Hedimasta ya taɓu. Amma da aka ambaci keke bai ce a'a ba. Har ya ba mu labarin yadda yake tuƙawa zuwa Ruwan Bore lokacin da aka fara tura shi koyarwa can. Yaya Bashar ya aiko daga Kaduna cewa a zaɓi keke, shi zai ji da sauran.

To a nan na tsaya. Tsohon baƙin keken Baba ya yi tsatsa, ga shi da nauyi kamar turmi. Malamarmu ta wasanni ta ce akwai kekuna marasa nauyi da ake yi don motsa jiki, iri biyu, na tsere da na yawo, amma ita ma ba ta san wanda ya dace da mutum mai shekara sittin da ɗaya ba. Na tuna Inna tana cewa ka yi tseren keke a ƙuruciyarka, kuma yanzu kana gyara kana sayarwa. Baba ba zai taɓa tambayarka da bakinsa ba, ka san halinku.

Don Allah ka ba ni shawara. In na yi rashin kunya, ka yafe mini.

'Yarka,
Wasila Labbo.

*

Bakin Tasha,
Tsafe.
20 ga Yuli, 1998.

Ɗiyata Wasila,

Wa alaikumus salam. Ashe mai ɓoyon bayan rumbu tana da baki, sai dai a alƙalami yake. Takardarki ta zo hannun Dalhatu direba, na karanta ta har sau biyu don daɗin rubutun. Allah shi ba Malam lafiya. Yaya Delu ba ta gaya mani abin ya kai haka ba.

Kin zo inda ya dace. Shekara shida ina tsere lokacin tsohuwar Jihar Sakkwato, kuma yanzu haka akwai kekuna biyu na gwanjo rataye a shagona, irin waɗanda kika ce.

Na farko ja ne, na tsere. Kansa a murɗe yake ƙasa kamar ƙahon rago, sirdinsa ya fi kan tsawo, saboda haka mai hawa sai ya duƙa kamar mai noman rani. Tayarsa ba ta fi yatsana kauri ba. Babu kariyar ɗaukar kaya, babu marfin sarƙa, babu ƙararrawa, kuma fedarsa tana da madauri da ake ɗaure ƙafa a ciki. Da hannu ɗaya kike ɗaga shi. Wanga keke ba don ganin gari anka yi shi ba, don a wuce gari anka yi shi.

Na biyu kore ne. Shi ma ba shi da nauyi, yana da giyar canza gudu, amma kansa a sama yake, mutum na zaune a miƙe kamar alƙali. Tayarsa ta fi faɗi, ba ta tsoron ramin titi, sirdi mai laushi, ga kariya, ga marfin sarƙa, riga ba ta shiga. Ba shi kai ja gudu, amma za ka yini a kansa bayanka bai ce maka komi ba.

Kore za ku ɗauka. Wanda likita ya ce ya motsa jiki, keken da zai so hawa gobe da jibi yake buƙata, ba wanda zai hau sau ɗaya ya kwanta kwana uku ba.

Ja kuwa ba na tsofaffin hedimastoci ba ne. In mijin Yaya ya duƙa a kansa, tumbinsa zai riga shi taɓa ƙarfe, kuma sai an kira mutum huɗu su miƙar da shi kamar an lanƙwasa ƙusa. Ya bar wa maza kayansu.

Ki gaishe da Yaya. Ki dage da karatu.

Kawunki,
Bawa Mai Keke.

*

Bungudu.
3 ga Agusta, 1998.

Zuwa ga Kawu Bawa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, kuma na gode da amsar da ka ba ni. Mun samu hutu, ina gida.

Kawu, na yi kuskure babba, kuma gara ka ji daga bakina.

Da na dawo na gaya wa Baba na rubuta maka. Bai yi faɗa ba, sai ya ce in ɗauko takardar in karanta masa. Ka san yadda ya koyar da mu: in an ce ka karanta, ba ka tsallake layi, ba ka haɗiye kalma. Na fara, yana gyaɗa kai. Da na zo wajen kore har ya ce wannan da hankali aka yi shi. Na ga sakin layi na ƙarshe yana tahowa, na san abin da ke ciki, na rage murya ina neman in tsaya a "kwana uku". Sai ya ce, "Ci gaba, ban ji an rufe takarda ba."

Na karanta har tumbi da ƙusa. Inna tana bakin ƙofa, dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da mayafi. Wannan dariya ce ta ƙarasa ɓata lamarin.

Baba ya kashe rediyo. Ya ce lokacin da yake tuƙa keke zuwa Ruwan Bore, kai kana yawo ba wando. Ya ce ja yake so, kuma ba ya son a ƙara ambata masa kore. Inna ta ce ai wasan ƙanin mata ne, tun ranar ɗaurin aurensu kake tsokanarsa. Ya ce ya sani, shi ya sa ba zai bar ka ka ci wannan ba.

Na sa takardarsa a cikin tawa. Ban san abin da zan ce ba sai dai haƙuri.

'Yarka,
Wasila.

*

Bungudu.
3 ga Agusta, 1998.

Malam Bawa,

Bayan sallama. Na samu labarin ra'ayinka game da shekaruna da kuma siffar jikina. An lura.

A aiko da jan keke ta hannun Dalhatu kafin Juma'a, da famfonsa. A duba birki da kyau, domin na san aikinka.

Wassalam.
Labbo Abubakar,
Hedimasta mai ritaya.

*

Bungudu.
30 ga Agusta, 1998.

Zuwa ga Kawu Bawa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma damina tana yi muku kyau. Nan gero ya fara fitar da kai.

Ka ce in ba ka labarin yadda ake ciki. Da farko abin ya yi daɗi. Baba ya ɗinka riga 'yar shara da wando mai tsuke ƙafa, saboda babbar riga ba ta zama a kan ja. Kullum bayan hantsi ya fita, ya bi titi wajen gada ya dawo. Yana dawowa yana dafe ƙugu, in Inna ta tambaya ya ce ba komai, amma na ga yana shafa man zafi a wuya. Duk da haka mako biyu bai fasa ba, har abinci ya fara yi masa daɗi. Na yi ta murna.

Abin da ba mu lura ba shi ne, a kan wannan keke Baba ba ya ganin kowa. Kansa a ƙasa yake, tayar gaba kaɗai yake kallo, hannayensa biyu a maƙale, ba halin ya ɗaga ɗaya. Kai ka san Bungudu. Rabin magidantan garin nan ɗalibansa ne. Mai shayi zai miƙe ya ce "Ranka ya daɗe, Hedimasta," ya wuce. Masu faci, masu awo, mata a bakin rijiya, duk ya wuce su kamar bai san su ba. Aka fara cewa Hedimasta ya sayi keken da ba ya gaisuwa. Wasu suka ce tun da ɗansa ya samu aiki a Kaduna ya daina ganin talaka. Mu a gida ba mu ji ba sai daga baya.

Ranar Talatar da ta wuce aka yi mai gaba ɗaya. Ka san Malam Yusha'u, wanda ya koya wa Baba karatun allo, ya haura tamanin yanzu. Kullum yana zama a dakalin ƙofar gidansa da dattawan unguwa. Tun Baba yana saurayi bai taɓa wuce wannan dakali a kan abin hawa ba. Sauka yake tun daga nesa, ya turo keke, ya cire takalmi, ya durƙusa. Ranar nan ruwa ya cinye hanyar da ya saba bi, sai ya sako ta unguwarsu bai ankara ba. Malam Yusha'u ya gane shi, har ya ɗaga hannu ya kira sunansa. Baba ya wuce a guje, a gaban mutum bakwai.

Sai da ya yi nisa wani ya bi shi da kira. Ya waiga, ya ga inda ya wuce, ya danne birki zai sauka. Ƙafarsa tana cikin madauri. Ya faɗi a gefen kwata, gwiwa ta goge, hula ta yi nata wuri. Bai ji ciwo sosai ba, amma kunya ta hana shi komawa dakalin a wannan hali, sai ya turo keke gida ta bayan layi. Wannan ya ƙara muni, don an ga ya tashi kuma bai dawo ya gaisa ba.

Da yamma Malam Yusha'u ya aiko a tambaya ko akwai laifin da ya yi wa Labbo.

Baba ya je washegari ya ba da haƙuri, Malam ya ce ba komai, amma gaisuwar ba ta yi tsawo ba. Tun daga ranar, ja yana jingine a ɗakin ajiya, Baba ya koma kujerarsa da rediyonsa. Jiya ya ce kansa yana sara. Na ce ko a karɓo kore, ya ce keke ya ishe shi haka, kuma ba zai ba wani abin dariyar shekara goma ba.

Kawu, ni na jawo wannan da karatuna. Ina tsoron abin da likita ya faɗa.

'Yarka,
Wasila.

*

Tsafe.
4 ga Satumba, 1998.

Ɗiyata,

Ba ke kinka jawo ba, bakina ne. Yaya ta sha gaya mani wata rana sai ya kai ni inda ban so.

Na yi dariya da na zo wajen hula, ba zan ɓoye maki ba, amma ban kai ƙarshen takarda da dariya ba. Mu da munka yi tsere a kan titin da anka tare mana, ba wanda ke jiran gaisuwarmu. Ban taɓa tunanin wanga ba sai da kinka rubuto.

Na sauke kore, na sa mashi mai, na ɗaura sabuwar ƙararrawa. Amma in na aiko shi ba a tambaya ba, Malam Labbo zai ce na aiko mashi da "ai na gaya maka", ya maido mani shi a motar da ta kai shi. In na zo da kaina, ya fi muni. Na san mijin Yaya shekara talatin. Ba shi sauka daga magana don ƙanin matarsa ya yi gaskiya. Sai dai in wanda ya fi shi ya sauke shi.

Ku da ke kusa ku duba. Ni dai na yi alkawari, ranar da kore ya shiga gidanku bakina a rufe.

Kawunki,
Bawa.

*

Bungudu.
13 ga Satumba, 1998.

Zuwa ga Kawu Bawa,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa. Ka ba Dalhatu kore gobe in Allah ya kai mu. Baba ne ya ce a karɓo. Bari in faɗa maka yadda aka yi.

Na yi ta juya maganarka ta wanda ya fi shi. A garin nan mutum ɗaya ne Baba ba ya iya yi wa musu. Na roƙi Inna ta je, ta ce ita ba za ta kai ƙarar mijinta wajen malaminsa ba, amma in ni na je gaishe da Hajiya Tambaya, matar Malam Yusha'u, ba wanda zai ce na yi laifi. Ta zuba mini ƙwan zabi a kwano na kai.

Na gaishe da Hajiya, na zauna, na kasa cewa komai. Har na yi sallama na kai zaure, na dawo. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar Labbo, abin da ya dawo da ke ki faɗe shi kafin ya huce." Na faɗa mata duka, da jirin masallaci, da maganar likita, da takardarka, da yadda keken yake. Ta kama hannuna ta kai ni ɗakin Malam, ta ce in maimaita.

Kawu, ban taɓa magana a gaban babban mutum haka ba. Ina durƙushe, idona a tabarma. Da na ga bai gane yadda mutum zai hau keke ya kasa ganin gabansa ba, sai na duƙa na kama ƙafafun wata 'yar kujera na nuna masa yadda Baba yake yi. Hajiya ta yi dariya har da tari. Malam bai yi ba. Ya ce shi ya ɗauka Labbo ya canza ne, ashe ciwo yake yaƙi da shi bai faɗa wa kowa ba. Ya tambaye ni ko akwai keken da mutum zai hau kansa a sama. Na ce akwai, yana Tsafe. Ya ce in tafi gida, kada in ce na zo.

Bayan la'asar ya aiko a kira Baba, ya ce ya zo da keken. Abin da ya faru a dakali, Baba da kansa ya ba Inna labari, ina jin su daga madafa. Malam ya sa aka ɗaga ja, ya shafa ƙahon, ya ce a gaban dattawa: "Labbo, likita ya ce ka hau keke, ni ma na ce ka hau, kullum. Amma ba wannan ba. Abin hawan da zai sunkuyar da kai ga ƙasa ya hana ka ganin fuskar Musulmi ba naka ba ne. Ka nemo mai ɗaga kai, kuma kullum ka biyo ta nan in gani."

Baba ya dawo yana cewa shi da ja ba abin da ya raba su, ya riga ya saba da shi, amma umarnin malami ba a ja da shi. Ya faɗi haka sau uku, Inna tana cewa gaskiya ne. Daga baya ya leƙo madafa ya dube ni, ya daɗe, ya ce wai Hajiya Tambaya ta gode da ƙwan zabi. Na kasa ɗaga kai. Ya juya ya koma zaure.

Ga saƙonsa gare ka, ya ce in rubuta yadda ya faɗa. Ja zai dawo maka ta hannun Dalhatu. Tun da ka ce na maza ne, ranar ziyarar makarantarmu, Lahadi 25 ga Oktoba, ka hau shi daga Tsafe, shi zai hau kore daga Bungudu, ku haɗu a ƙofar makaranta. Ya ce ya san tafiyarka ta ninka tasa, amma kai ne ɗan tsere, kuma ka girme shi da ƙuruciya.

'Yarka,
Wasila.

*

Makarantar 'Yan Mata ta Kwana,
Gusau.
25 ga Oktoba, 1998.

Zuwa ga Kawu Bawa,

Assalamu alaikum. Kawu, lafiya? Dalhatu ya gaya wa Inna ka amsa cewa za ka zo, har ka ce a tanadar wa Baba ruwan sanyi don zai same ka kana hutawa. Mun jira ka har aka kaɗa ƙararrawar rufe ƙofa. Yanzu aka tashi, na zauna in rubuta maka tun abin yana sabo.

Tun ƙarfe goma nake bakin ƙofa. Inna ta zo a mota da safe, ta ce Baba ya fito tun bayan sallar asuba, ya ƙi yarda kowa ya bi shi. Iyaye suna ta shigowa, sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi, babu shi babu kai. Inna tana ta jan carbi. Ni kuwa ba abin da ban saƙa ba. Na ce ko jiri ne ya ɗebe shi a titi, ga manyan motoci.

Ana gab da azahar sai muka ji ƙararrawar keke. Ga Baba ya shawo kwana, zaune a miƙe, da farar babbar riga da hula, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya a sama yana amsa gaisuwar maigadi. Bayansa kuwa kariya ta yi tsini da kaya: rake guda huɗu a ɗaure, ƙullin gyaɗa sabuwar haƙa, damin rogo, da kaza a rataye tana leƙe.

Ashe ba gajiya ce ta tsayar da shi ba. Ya ce ya fara da dakalin Malam Yusha'u, ya karɓi addu'a. Daga nan duk ƙauyen da ya ratsa sai an tare shi. Wani tsohon ɗalibinsa ya fito daga gona da lauje a hannu, ya rantse sai ya sha fura. Wani ya kai shi ya ga jaririn da aka sa wa sunansa. A wani wuri ya tarar ana zaman makoki, ya sauka ya yi ta'aziyya. Ya ce sau goma sha ɗaya ya sauka, kuma ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta maƙale ba.

Ya sauka a gabanmu ba tare da ya dafa ƙugu ba. Inna ta juya baya tana share ido. 'Yan ajinmu suka kewaye keken, shugabar makaranta ma ta fito, ashe ita ma ya koyar da ita a aji uku. Ta ce a gaban kowa da ma iyaye maza za su yi koyi da shi. Ni da ba na son a kalle ni, yau har na riƙe masa keke muka ratsa tsakiyar fili, kuma ban ji kunya ba.

Babban labarin shi ne wannan. Ranar Alhamis ya je asibiti, likita ya auna shi sau biyu don bai yarda da na farko ba. Jinin ya sauka sosai, ya rage masa ƙwaya ɗaya, ya ce duk abin da yake yi kada ya daina. Mako shida ke nan bai fasa fita ba ko rana ɗaya, kuma Inna ta ce wandunansa duk sun yi masa yawa.

Baba ya yi ta duban hanyar Tsafe. Ya ce a ajiye maka rake ɗaya. Don Allah ka sanar da mu halin da kake ciki.

'Yarka,
Wasila.

*

Tsafe.
29 ga Oktoba, 1998.

Ɗiyata,

Wagga takarda ke kaɗai. Ko babanki ya ce ki ci gaba, kada ki ci gaba.

Na fito da asuba kamar yadda na ce. Farkon tafiya na ji ni kamar ina ɗan ashirin, har na wuce wata motar itace. Ban kai Kwatarkwashi ba taya ta yi faci. Na gyara, na hau, ta sake yi. Na gyara. Da na zo hawa na ukku, bayana ya ce shi nan ya tsaya. Na duƙa na kasa miƙewa, ɗiyata, dutsen Kwatarkwashi na kallona. Mutum ukku sunka ɗora ni a bayan a-kori-kura, ni da ja, bisa buhunan masara. Shekara goma sha shida rabona da tsere, na manta ban gaya ma bayana ba.

Yau kwana huɗu ina kwance. Matata Luba tana gasa mani baya tana dariya, ta ce saura mutum ɗaya a cika huɗun da na yi ma mijin Yaya alkawari.

Na ji daɗin maganar likita fiye da yadda zan iya rubutawa. Ki ce ma Malam Labbo aiki ne ya riƙe ni.

Kawunki,
Bawa.

*

Gusau.
1 ga Nuwamba, 1998.

Zuwa ga Kawu Bawa,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ban karanta wa kowa ba, kuma ban ce aiki ne ya riƙe ka ba, don ban iya faɗa wa Baba abin da ba haka ba. Ba a ma buƙaci in ce komai ba. Mai a-kori-kurar ɗalibinsa ne.

Jiya ya biyo ta makaranta a kan kore. Ya ce in sanar da kai ranar Asabar zai zo dubiya. Zai kwana a Damba wajen abokinsa ranar Juma'a, ya kama hanyar Tsafe da sassafe, a kan keke. Inna ta ce tafiyar ta yi yawa, ya ce zai tafi a hankali, akwai mutane da yawa a hanya da bai gaisa da su ba tun da ya bar aiki. Ya sayi man zafi babbar kwalba. Ya ce ka kwantar da hankalinka, ba zai ce komai ba, zai dai zauna kusa da kai a miƙe.

Kawu, abin da ya sa na fara rubuto maka ya wuce, alhamdu lillahi. Amma na saba, kuma na ga a takarda bakina ya fi buɗewa. In ba zan dame ka ba, ka ba ni izini in riƙa rubuto maka ko da babu maganar keke.

'Yarka mai ladabi,
Wasila Labbo.